Clive Sinclair: Mutumin da ke yanke farashi kafin ya ƙera kaya

A farkon shekarar 1980 wata talla ta fara fitowa a jaridu da mujallun Birtaniya: kwamfuta sukutum a kan fam 99.95, ko fam 79.95 ga wanda zai karɓi kayan a warwatse ya zauna ya haɗa abinsa da dalma. Sunanta ZX80. Apple II, wadda ta fito a Amurka a 1977, dala 1,298 aka sa mata, kuma ko masu dama-dama irin su TRS-80 sai mutum ya ajiye kusan dala 600. A wancan zamani kwamfuta kayan banki ce da jami'a da ma'aikatun gwamnati, sai 'yan tsirarun masu hali da ke saye don sha'awa. Mai waccan talla shi ne Clive Sinclair, wanda ya rasu a Landan ranar 16 ga Satumban 2021 yana da shekara 81, bayan ya shafe sama da shekara goma yana fama da cutar daji.

Da labarin rasuwarsa ya bazu, manyan harkar fasaha suka yi ta jimami. Satya Nadella, shugaban Microsoft, wanda ya tashi a Indiya, ya ce ZX80 ce kwamfutarsa ta farko. Jaridu suka riƙa kiransa uban kwamfutar gida a Birtaniya. Laƙabin ya dace da shi, sai dai yana rufe ainihin abin da mutumin ya ƙware a kai. Ba shi ya ƙirƙiro kwamfuta ba. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injinansa na ZX samfurin Z80 ce, ta kamfanin Zilog na Amurka, kuma yawancin zanen kayan ciki injiniyoyinsa ne suka yi, irin su Jim Westwood da Richard Altwasser. Baiwarsa a wani wuri take: ya fara tsayar da farashi da girman kaya, sannan ya matsa wa fasaha ta shige ciki ko ta halin ƙaƙa. Wannan hali ne ya ɗaga shi, shi ne kuma ya kayar da shi sau da dama.

An haife shi ranar 30 ga Yulin 1940 a gefen Landan, a gidan injiniyoyi, don mahaifinsa da kakansa duk sana'arsu ke nan. Ya bar makaranta kafin ya cika shekara 18, bai kuma leƙa jami'a ba. Aikin jarida ya fara, a mujallar Practical Wireless ta masu sha'awar haɗa rediyo, daga baya ya rubuta ƙananan littattafan koyon haɗa kayan lantarki. A nan ya san masu sayensa tun kafin ya sami abin sayarwa, ya kuma koyi rubuta tallar da ke sa mutum ya zaro kuɗi. Da ya kafa Sinclair Radionics a 1961, ta gidan waya yake ciniki: ka ga talla, ka aika kuɗi, a aiko maka kaya. Cikin hanyoyin da ya fara tara jari akwai sayen transistocin da masana'antar Plessey ta tace ta ware don ba su cika ma'auninta ba. Sai a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a fitar da masu aiki, a sa musu sabon suna a sayar. A riƙe wannan dabara, don za ta sake ɓullowa a gaba.

Abin da ya fara fito da sunansa duniya shi ne kalkuleta mai suna Executive, a 1972. Kalkuletocin lokacin masu kauri ne saboda cin wuta, dole sai da manyan batura. Mutanen Sinclair suka gano cewa ba lallai ne a bar wuta tana kwarara cikin ƙwaƙwalwar ba yankewa ba. Ana iya ba ta tsilli-tsilli, a kunna a kashe cikin saurin da ba za ta kai ga mance lissafin da ke hannunta ba. Cin wutar ya ragu kusan ninki goma, aka koma ga 'yan mitsi-mitsin batura irin na na'urar taimaka wa kurma ji, kaurin kalkuletar bai kai santimita ɗaya ba. Ta shige aljihun riga, ta kawo riba mai tsoka.

Bayan shekara uku sai ga Black Watch, baƙin agogon hannu mai nuna lokaci da jajayen lambobi. A hoto ba a magana. A hannu kuwa batirinsa kwana goma yake yi, zafi da sanyi suna sauya masa gudu, kuma ɗan tartsatsin lantarkin da rigar nailan ke tarawa ya isa ya lalata shi. Aka yi ta mayar da agoguna, ga kamfanonin Japan sun karya farashin kalkuleta. A 1976 sai da hukumar gwamnati mai tallafa wa masana'antu, National Enterprise Board, ta sayi kashi 43 cikin ɗari na kamfanin don kada ya rushe. Sinclair ba mutumin da zai zauna ƙarƙashin ma'aikatan gwamnati ba ne. Ya tanadi wani ɗan kamfani a gefe, a garin Cambridge, ya damƙa shi ga tsohon ma'aikacinsa Chris Curry, kuma a 1979 ya tattara ya koma can. Kafin ya iso Curry ya riga ya fice ya kafa kamfanin kwamfuta na Acorn tare da Hermann Hauser. Ɗan kamfanin da Sinclair ya koma ɗin ne ya zama Sinclair Research.

To ta yaya aka yi kwamfuta ta sauko ƙasa da fam 100? Amsar ita ce an cire duk abin da za a iya cirewa, an kuma jingina da kayan da mai saye ya riga ya mallaka. Ba ta zuwa da allon kallo, talabijin ɗin falo za ka jona mata. Ba ta da ma'ajiyar bayanai, rakodar gida za ka kawo, da kaset irin wanda aka daɗe ana naɗar waƙa da wa'azi a kai a ƙasar Hausa. Madannanta ba maɓallai ba ne na gaske, shimfiɗaɗɗiyar leda ce mai zanen haruffa. Ma'adanar aikinta kilobait ɗaya ce tak, wato gurbin haruffa 1,024, abin da bai fi sakin layi guda mai ɗan tsawo na wannan rubutu ba, kuma a ciki ne abin da ke kan allo ma yake samun wurin zama. Lissafinta bai san ɗigo ba: ka raba 7 gida 2 ta ce maka 3.

Babban tsimin yana wajen hoto. Sauran kwamfutoci suna da kayan lantarki na musamman da ke kula da abin da talabijin ke nunawa. A ZX80 an ɗora wa ƙwaƙwalwar sarrafawa wannan aiki a kan nata. Abin ya zama kamar mai shayin da ba shi da yaro: in ya juya yana soya ƙwai, babu mai zuba shayi. Duk lokacin da injin ke lissafi allo ɗauke wa yake, ko harafi ka danna sai hoton ya yi ƙifta. Masu sharhi sun yi dariya, amma dubun-dubatar mutane suka saya, domin wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba bai da abin da zai kwatanta ta da shi, kuma da babu gara ba daɗi.

ZX81, wadda ta fito a Maris na 1981, ita ce ta nuna inda aka dosa. Abin da aka saba shi ne sabon samfuri ya fi tsohon tsada. Wannan ta fi ta baya iya aiki, ta kuma fi ta araha: fam 69.95 a haɗe, 49.95 a warwatse. Sirrin shi ne an tattara aikin ƙananan ɓangarori da yawa an zuba cikin guda ɗaya da kamfanin Ferranti ya ƙera musu, adadin guntayen silikon ya sauko daga 21 zuwa 4. Ƙarancin ɓangarori na nufin ƙarancin dalma, ƙarancin ma'aikata, ƙarancin kuɗi. An kuma magance ɗaukewar allo, ta hanyar barin injin ya yi lissafi a ɗan tsakanin da talabijin ba ya zana komai, abin da ya mayar da saurinsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masana'antar agogo ta Timex da ke Dundee a Sikotland ce ta riƙa haɗa ta, kuma shagunan WHSmith, masu sayar da jaridu da littattafai, suka jera ta a kanta. Wannan mataki ya yi tasiri ainun, don ya fitar da kwamfuta daga shafin bayan mujallar 'yan sha'awa ya kai ta inda uwa ke sayen littafin makarantar ɗanta. An sayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Araha dai ba ta ado. Wanda ke son ƙarin ma'adana sai ya sayi wani ɗan akwati mai kilobait 16 ya soka a bayan injin, kuma mahaɗin sakwa-sakwa ne. Ka yi awa uku kana rubutu, gwiwarka ta bugi teburi, akwatin ya motsa, komai ya tafi. Maganin da jama'a suka samo shi ne su manne shi da ɗanko.

Duk da haka, a nan ne gadon Sinclair na gaskiya yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan ka kunna ZX81 babu abin da za ka gani sai farin allo da harafin K a ƙasa yana jiranka. Babu hoton da za ka taɓa, babu manhajar da aka riga aka zuba. Injin ba ya yin komai sai ka gaya masa, kuma da yaren BASIC yake jin magana. A cikin kwalin akwai littafin koyo da Steve Vickers ya rubuta, wanda ke ɗaukar mai karatu daga yadda ake sa injin ya rubuta kalma har zuwa tsara shiri mai sarƙaƙiya. Madanni ɗaya ke fitar da umarni guda cikakke, kuma injin ba ya karɓar layin da ke da kuskuren tsari, nan take yake nuna maka inda ka karkace. Mujallu suka riƙa buga shirye-shiryen wasanni shafi-shafi, yaro ya zauna ya kwafa da hannu. Da wuya a gama ba kuskure, ko nasa ko na maɗaba'a, kuma neman kuskuren nan shi ne makarantar. Wanda ya gano dalilin da ya hana wasa tashi ya riga ya fahimci yadda aka gina shi, gobe sai ya sauya masa wani abu, jibi ya rubuta nasa.

Ƙuncin injin ma malami ne. Mai kilobait ɗaya ba ya almubazzaranci. BASIC ya yi nauyi ya kuma cika wuri, don haka masu zafin kai suka gangara zuwa yaren injin kansa, inda ake lissafa kowane bait, wato gurbin harafi ɗaya. Wani mai suna David Horne ya cusa darar Turawa ta ches cikin bait 672, injin yana wasa da mutum, ko da yake ba duka dokokin wasan ya sani ba. A ganina wayar da ke hannun yaro a yau, duk da ta ninka ZX81 ƙarfi sau miliyoyi, ba ta yi masa wannan gata ba. An ƙera ta ne don ya kalla ya taɓa, ƙofar shiga cikinta kuma a rufe take sai wanda ya nema da gangan. Injin Sinclair ba shi da wata ƙofa sai wannan.

A 1981 BBC ta nemi kwamfutar da za ta yi amfani da ita a shirinta na wayar da kan jama'a, kwangilar kuma ta faɗa hannun Acorn, kamfanin tsohon yaronsa. Abin ya yi wa Sinclair ciwo, bai kuma ɓoye ba. Amsarsa ita ce ZX Spectrum, ranar 23 ga Afrilun 1982: mai launi, mai sauti, fam 125 mai kilobait 16, fam 175 mai 48. Babbar BBC Micro, wadda Acorn ya ƙera wa BBC, ta kai fam 399. Makarantu suka fi karkata ga ta BBC, gidajen masu ƙaramin ƙarfi suka rungumi Spectrum.

Yadda aka samar da launi a wannan farashi darasi ne a kansa. Allon yana da ɗigo 256 a kwance, 192 a tsaye, jimla 49,152. Da za a ba kowane ɗigo launinsa daga cikin takwas, sai an ci bait 18,432, fiye da duk ma'adanar ƙaramin samfurin. Sai Altwasser ya raba allon gida-gida, 768, kowane gida ɗigo takwas-takwas, aka ce kowane gida launi biyu kawai zai ɗauka, na rubutu da na shimfiɗa. Hoton gaba ɗaya ya tsaya a bait 6,912. Illar ita ce idan jan mutum-mutumi ya gifta gaban koren bishiya, ko dai bishiyar ta yi ja ko shi ya yi kore. Masu tsara wasanni suka koyi zagaye matsalar, har ta zama kamannin da ake gane wasan Spectrum da shi daga nesa. Madannan kuwa na roba ne. Sannan ga tsohuwar dabarar transistocin Plessey ta dawo: a samfurin mai kilobait 48 an yi amfani da guntayen ma'adana waɗanda rabinsu ya lalace tun a masana'anta, aka saye su da rahusa, aka tsara injin ya yi aiki da lafiyayyen rabin kawai.

Ɗora wasa daga kaset kan ɗauki kamar minti biyar, rakoda tana ƙara mai tsinka kunne, gefen allo yana zanen layuka masu launi. Idan ƙarar ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko kaset ya ɗan tauye, sai saƙon kuskure ya fito a koma farko. Amma kaset yana da wata fa'ida da ta fi wahalarsa: kowa na iya naɗa. Yaro zai rubuta wasa a ɗakin kwanansa, ya naɗi kwafi hamsin, ya sa 'yar talla a mujalla, ya zama kamfani. Abokansa kuma za su kwafe wasan a rakoda mai baki biyu ba tare da sun biya ko kwabo ba, wanda shi ma ya taimaka wajen yaɗuwar injin, ko da masu wasannin sun yi ta kuka.

Daga irin waɗannan ɗakuna masana'antar wasannin kwamfuta ta Birtaniya ta tashi. Matthew Smith yana ɗan shekara 17 ya fitar da Manic Miner a 1983. 'Yan'uwan nan biyu, Tim da Chris Stamper, sun fara da wasannin Spectrum a ƙarƙashin sunan Ultimate Play the Game, daga baya suka zama Rare, kamfanin da Microsoft ya saya a 2002 kan dala miliyan 375. Labarin Dundee ya fi ban sha'awa. Garin da ake haɗa injin ya cika da shi, kuma mutanen garin har yau suna raha cewa ba duka Spectrum ɗin da ke gidajensu ne suka bi ta ƙofar gaba ta masana'anta ba. David Jones, wanda ya yi aiki a Timex, ya kafa DMA Design a garin, suka fitar da Lemmings a 1991 da Grand Theft Auto a 1997. A shekarar 1997 ɗin ce kuma Jami'ar Abertay ta Dundee ta buɗe digirin farko a duniya kan fasahar wasannin kwamfuta. Jimillar Spectrum da aka sayar, da duk samfuranta har zuwa 1992, ta kai wajen miliyan biyar.

A 1983 Sinclair yana kan ganiyarsa. An sayar da kashi goma cikin ɗari na kamfaninsa kan fam miliyan 13.6, Sarauniya ta ba shi sarautar Sir, kuma gwamnatin Margaret Thatcher tana nuna shi a matsayin shaidar cewa Birtaniya ba ta mutu ba, a daidai lokacin da tsofaffin masana'antunta ke rufewa. Sai dai shi wasanni ba su dame shi ba. Yana ganin ya ƙera kayan ilimi ne, kuma yana son 'yan kasuwa da ofisoshi su ɗauke shi da muhimmanci.

Wannan buri ne ya haifi kwamfutar QL, wadda aka ƙaddamar ranar 12 ga Janairun 1984, kwana goma sha biyu kafin Apple ya fito da Macintosh. Fam 399, da alƙawarin kaya zai iso cikin kwana 28. Wannan alƙawari na kwana 28 tsohon ciwo ne a kamfanin, an sha yin sa an sha saɓawa, kuma hukumar kula da tallace-tallace ta sha karɓar ƙorafi a kai. Amma a kan QL abin ya wuce gona da iri, domin ranar da aka yi bikin babu injin ko ɗaya da ya kammala. An karɓi kuɗin mutane, watanni suka shuɗe, kuma na farkon da suka fita sun zo da wani ɗan ƙari a soke a baya, saboda manhajar ba ta gama shiga inda aka tanadar mata ba. Maimakon faifan da kowa ke amfani da shi, an sa mata Microdrive, ɗan siririn zaren kaset mai zagaye, mai araha, mai saurin cin amanar bayanai. Yaro zai haƙura da injin da ke mance wasa. Akanta ba zai haƙura da wanda ke mance lissafin shekara ba. Dabarar da ta yi aiki a falo ta gaza a ofis.

A ƙarshen shekarar ne kuma Acorn ya buga tallar da ke nuna cewa injinan Sinclair sun fi yawan lalacewa. Sinclair ya tarar da Curry a wata mashaya a Cambridge mai suna Baron of Beef, ya naɗe jarida ya kai masa duka. Duk su biyun suna cikin matsi, don kasuwar kwamfutar gida ta cika ta batse a Kirsimetin 1984, kaya suka yi kwantai.

Sai C5. Tun yana matashi yake mafarkin abin hawa mai lantarki. A 1983 aka yi doka a Birtaniya da ta yarda duk wanda ya kai shekara 14 ya hau keke mai taimakon lantarki ba lasisi, ba inshora, ba hular kwano, muddin gudunsa bai wuce mil 15 a awa ba, wajen kilomita 24. Sinclair ya ƙera abin hawansa daidai da wannan doka, kamar yadda ya saba ƙera kaya daidai da farashi: ƙafa uku, jikin roba, batir irin na mota, feda don taimako, mazauni ɗaya a ƙasa-ƙasa, ba rufi. Kamfanin motoci na Lotus ya taimaka da zanen ƙashin, masana'antar Hoover da ke Merthyr Tydfil a Wales ta haɗa, farashi fam 399. Aka ƙaddamar da shi ranar 10 ga Janairun 1985 a Alexandra Palace da ke Landan, cikin tsananin hunturu, lokacin da sanyi ke rage ƙarfin batir. 'Yan jarida suka hau, wasu batir ya mutu musu, tudu ya gagari wasu, kuma kowa ya ga yadda kan mahayi yake daidai da tayar babbar mota. An ƙera kimanin 14,000, an sayar da wajen 5,000 kafin kamfanin ya durƙushe a watan Oktoba.

Tun bayan da motocin lantarki suka yi tashe, ana yawan cewa C5 ya riga zamaninsa ne kawai. Ban gamsu da wannan gaba ɗaya ba. Ya hango daidai cewa ƙananan abubuwan hawa masu lantarki za su cika birane, kekuna da babura masu batir sun tabbatar da haka. Amma ko da batirin yau aka sa wa C5, yana nan a buɗe a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, yana nan a ƙasa inda direban bas ba ya ganinsa. Ba a yi wani binciken kasuwa na kirki ba, don Sinclair ya yi imani cewa mutane ba su san abin da suke so ba sai an nuna musu. Kalkuleta da ZX81 sun gaskata shi. Bambancin shi ne wanda kwamfuta mai araha ta ba kunya aikin awa uku ya rasa, a kan titi kuwa da ransa yake caca.

Bashi ya taru, yunƙurin ceto daga attajiri Robert Maxwell ya wargaje, kuma a Afrilun 1986 Sinclair ya sayar da harkar kwamfutocinsa da sunan kansa ga kamfanin Amstrad na Alan Sugar kan fam miliyan 5. Sugar ɗan kasuwa ne tsantsa. Ya liƙa wa Spectrum rakoda a jiki, ya gyara madannai, ya tallata ta a matsayin injin wasa ba tare da jin kunya ba, ta ƙara shekara shida a kasuwa.

Wani ɓangare na gadon ya faru ne inda Sinclair bai karɓi ko sisi ba. Saboda sauƙin tsarinta, Spectrum ta zama injin da aka fi kwaikwaya a gabashin Turai. A Tarayyar Sobiyet injiniyoyi suka warware aikin guntun Ferranti, suka sake gina shi da kayan gida, aka sami samfura irin su Leningrad da Pentagon, ana sayen ɓangarorinsu a kasuwannin 'yan rediyo ana haɗawa a kan teburin kicin. Cekoslobakiya ta yi Didaktik, Romaniya ta yi nata, Barazil, wadda dokarta ta toshe shigo da ƙananan kwamfutoci, ta yi TK90X. A Belgrade wani shirin rediyo mai suna Ventilator 202 har watsa manhaja yake yi ta iska: mai gabatarwa ya saki ƙarar, masu sauraro su naɗa a kaset su ɗora a injinansu. Da yawa daga masu rubuta manhaja na Rasha da Yukren da suka yi suna a shekarun 1990 a kan waɗannan kwafe-kwafe suka koyi sana'ar.

Akwai kuma zare biyu da suka iso har wayar da ake saya a Farm Centre ta Kano ko kasuwar Yamai, ko da yake bai kamata a ja su fiye da ƙarfinsu ba. Acorn, wanda ya tsiro daga ficewar Curry, shi ne ya ƙera ƙwaƙwalwar ARM a 1985, aikin Sophie Wilson da Steve Furber, kuma tsarin ARM ne ke cikin kusan kowace wayar hannu a yau, daga Tecno da Itel har iPhone. Wannan nasarar abokin hamayya ce, rabon Sinclair a ciki shi ne a gidansa Curry ya yi wayo. Na biyun ya fi ban mamaki. Wani matashi a Helsinki, Linus Torvalds, ya sayi QL, ya tarar da wuya a sami manhajarta a Finland, dole ta sa ya riƙa rubuta kayan aikinsa da kansa yana tona cikin injin. A 1991, bayan ya koma wata kwamfutar, ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda Android ke zaune a kanta.

Shi kuwa Sinclair bai daina ƙira ba. Ya fitar da Z88 a 1987, 'yar kwamfutar tafi-da-gidanka da marubuta suka so, sai keken lantarki Zike a 1992, sai A-bike mai naɗewa a 2006, wanda tayoyinsa ƙanana ne ƙwarai. Babu wanda ya yi kasuwar a zo a gani. Ya shugabanci ƙungiyar Mensa ta Birtaniya, ta masu kaifin basira, daga 1980 zuwa 1997, ya kuma yi suna a wasan karta na poka a talabijin. A wata hira a 2010 ya ce shi ba ya amfani da kwamfuta ko kaɗan, saƙon imel ma raba masa hankali yake yi, kuma yana ganin injinan zamani ɓarnar ma'adana kawai suke yi.

Har yanzu ana rubuta wa Spectrum sababbin wasanni, musamman a Birtaniya da Sifaniya da Rasha. A 2017 wasu masoyanta suka nemi gudummawa a shafin intanet na Kickstarter don ƙera sabon samfuri mai suna Spectrum Next, suka tara sama da fam 700,000. Rick Dickinson, wanda ya zana jikin ZX81 da Spectrum ta asali, shi ya zana wannan ma, amma ya rasu a 2018 bai ga fitowarta ba. An yi wa masu saye alƙawarin Janairun 2018, kaya suka fara isa hannunsu a Fabrairun 2020. Da aka sake buɗe karɓar kuɗi a wannan shekarar, abin da aka tara ya haura fam miliyan 1.8.